Ɗigon Rana a Bayan Baffa

"Duk cikin badalar nan babu wanda ya san sama kamar ni," in ji Maharazu. "Ku kallon rana kuke yi, ni kuwa karanta ta nake yi."

Ka ji shi fa, ɗan uwa. Yaron da yake aji biyu a sashen Fiziks na jami'a, wanda kwas ɗin lissafi ya kayar har sai da ya maimaita. Amma in ya shigo unguwar Yakasai da farar rigar ɗakin gwaji a kafaɗa, sai ka rantse shi ke yi wa taurari rajista. 'Yan majalisar hira suka laƙaba masa Farfesa Shaci-faɗi, gogan ya karɓi farfesan, ya yi kamar bai ji sauran ba.

Ana nan sai sashensu ya samu gurbi guda ɗaya tak: za a tura ɗalibi ƙasar waje ya yi horo a cibiyar binciken taurari. Aka tace aka tace, saura mutum biyu, shi da wata Zuhra 'yar unguwar Shahuci, wadda ba ta da surutu. Malamarsu, Dakta Asma'u, ta ce kowa zai nuna wa jama'a baƙaƙen ɗige-ɗigen da ke jikin rana a kan Goron Dutse. Ba a leƙa rana ta na'urar hangen taurari, sai dai a bar hasken ya fito ta bayanta ya sauka a kan farin kwali daga nesa. Wanda ya fi iya bayani, shi ne da tafiya.

Maharazu bai jira ba. Ya yi wa kowa sallama a unguwa, har ya fara tambayar inda ake sayar da rigar sanyi. Ranar Asabar da hantsi ya kwaso dangi kaf zuwa kan dutse, har da Gwaggo da ciwon gwiwarta, da Baffa Ɗalha, babban gidansu, wanda ya biyo daga ɗaurin aure cikin sabuwar farar shadda, ta sha bugu tana walƙiya.

Dakta na can ƙasa tana hawowa a hankali, Maharazu kuwa so yake ta tarar da shi ana tafa masa. Ga na'ura an kafa, Zuhra ta miƙo kwali, ya dube shi a wulaƙance.

"Wannan ɗan abin? Na tara mutane haka, a kwalin indomi zan nuna musu rana?" Ya waiga, idonsa ya faɗa kan shaddar. "Baffa, don Allah a ɗan juya mana baya. Yau za a shiga tarihi."

Baffa ya ji tarihi, ya gyara hula ya juya. Faifan haske ya bayyana a gadon bayansa, fari, mai faɗi. Mutane suka matso.

"Bai yi ƙarfi ba," in ji Farfesa. "Baffa, a matso baya."

Zuhra ta ce a hankali, "Maharazu, in ya matso hasken zai taru wuri ɗaya fa."

"Malama, kishi ba kimiyya ba ne. Baffa, a ƙara matsowa."

Baffa ya matso har rigarsa ta kusa taɓa bayan na'urar. Faifan ya tsuke ya koma kamar ƙwayar gero, yana ƙyalli. Can sai ga wani ɗan baƙin abu a tsakiyarsa. Daɗi ya kusa kashe Maharazu.

"Jama'a, ga ɗigon rana. Wannan da kuke gani ya fi duniyar nan girma."

"To ai ƙaruwa yake yi," in ji Gwaggo.

"Shi ne abin da Turawa ba su taɓa gani ba, Gwaggo. Ni na fara gano shi. Da sunana za a kira shi."

Shi kuwa Baffa tun ɗazu yake jin wani abu yana cin sa a tsakanin kafaɗu. Amma dattijon cikin gari ne, ga surukai a wurin, ga mata. Yaya za a yi ya yi tsalle ko ya sosa baya a gaban mutane? Sai ya daure, gumi na zuba, yana salati ƙasa-ƙasa. Zuhra ta yunƙura za ta rufe bakin na'urar, Maharazu ya tare ta da hannu, yana ta zuba bayani a kan guguwar rana.

Gwaggo ta shinshina iska. "Farfesa, ita ranar taku ƙaurin tsumma take yi?"

Daidai nan Dakta Asma'u ta iso tana haki. Kallo ɗaya ta yi, ta fizge kwalin ta kifa a bakin na'urar, sannan ta tuttule ruwan gorarta a bayan Baffa. Abin ya yi cuu. Ɗigon ranar ya huda babbar riga, ya huda 'yar ciki, ya huda singileti, ya fara gaisawa da mai rigar.

Baffa ya juyo a natse, ya kafe Maharazu da ido. "Tarihin ke nan?"

Farfesa ya tsaya yana kallo, Zuhra ta ja kwalinta can nesa, faifai ya fito tas, ga 'yan ɗige-ɗige a gefe, ba masu girma, ba masu hayaƙi. Dakta ta ce mata ta je ta nemi fasfo. Shi kuwa ta ce kada ta sake ganin hannunsa a kan ko da gilashin ido ne na sashen.

Wallahi har na so in tausaya masa lokacin da suke saukowa, Baffa a gaba da huji a bayan riga, duk wanda aka gamu da shi sai ya tambaya. Gwaggo ce kaɗai ta dafa Maharazu.

"Kada ka damu, ɗan nan, karatunka bai tashi a banza ba. Gobe ka zo mini da sassafe ka hura murhu, ashanata ta ƙare."