Yadda Ake Zama Mushe Don Shinkafar Kantin

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, ko da baki cike yake.

Kai da ba ka taɓa leƙa ƙofar lakwal ba, wato makarantar boko, matso kusa, jikana. Ga hanyar da za a kira ka Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, a gaishe ka da ladabi, a kuma ajiye maka kwanon shinkafa da wake da mai. An gwada ta a nan Dakoro, ba ta ƙarya.

Rabo ne ya gwada ta, dillalin awaki daga ƙauyen Mai Yara. Shekarar nan da ruwa ya yi gyara, ɗakinsa ya kwanta, hanyar kasuwa ta yanke, sai ya naɗe tabarmarsa ya sauka gidan yayarsa Fadimata. Lakwal ɗin unguwa ma an rufe: azuzuwan zana sun faɗi, na siminti an zuba waɗanda gidajensu suka rushe. Aka raba wa yara abincin kantin, wanda ake dafa musu a lakwal, su kai gida, Mushe Halidu kuma yana zagayawa bisa moto, babur ɗinsa ke nan, yana kai musu aikin da za su yi. Hamdiya, ɗiyar Fadimata, ta dawo da shinkafa da wake da kwalbar mai. Hatsi bai nuna ba, rumbu ya kusa ƙasa. Sai Fadimata ta kafa doka: tukunyar kantin ta masu karatu ce, sauran gida kunu da zogale.

Mataki na 1: Ka gane inda dokar take da ƙofa

Ba a faɗa da doka, zagaye ta ake yi. Rabo ya sha kunu har ya fara jin ruwa na kaɗawa cikinsa in ya yi ruku'u. Ranar da ƙamshin mai da albasa ya iske shi ƙarƙashin itacen bedi, ya tashi ya tsaya bakin madafa.

"Yaya, masu karatu kika ce. To mai koyarwa fa?"

"Ina mai koyarwar?"

Ya dafa ƙirji.

Mataki na 2: Ka samo iliminka daga nesa

Kada ka ce a Maradi ka yi karatu, za a sami wanda ya san ka. Ka kai shi inda kuɗin mota zai hana a bincika.

"Lokacin da na je ci-rani Libiya na koya," in ji Rabo. "Har Turawa na tambayata."

Fadimata ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ita ta goya shi, ta kuma san ci-ranin nan a Agadas ya ƙare. Amma ta ga Hamdiya tun da aka rufe lakwal ba ta buɗe kayye, littafin rubutunta, ba, sai wasan ƴar gala-gala a ƙofar gida.

"To, Mushe," ta ce. "Amma Mushe Halidu zai zo dubawa. In ya tarar yarinyar nan ta ci baya, kai da tabarmarka sai Mai Yara."

Ka tuna, a Mai Yara babu abin da ya rage masa sai tudun laka da ƙyauren ƙofa.

Mataki na 3: Ka sa kayan aiki

Tabarau dole ne. Na Rabo ido ɗaya gare shi, ta ɗayan gefen yatsa yake sawa ya sosa. Ka soke alƙalamin bik a aljihun gaba, ko murfinsa kaɗai ya isa. Ilimi, kamar yadda masana suka tabbatar, daga aljihun gaba ake fara ganinsa.

Mataki na 4: Kada takarda ta taɓa hannunka

Takarda maƙiyiyarka ce. In an miƙo maka, ka kai hannu baya.

"Karanta da kanki, ƴar nan. Ni na riga na sani."

In ta karanta Faransanci, ka lumshe ido ka ce, "To, faɗa mini da Hausa, in ji ko kin gane." Ta haka ita ta gane, kai ma ka san abin da ake ciki. In ta tambaye ka ma'anar kalma, ka ce babban mushe ba ya lalata yara da amsa, ka tafi alwala.

Mataki na 5: Kada ka sallama a tayin farko

Nan ne asirin. Rabo bai san kalkil ba, wato lissafin lakwal, amma tun yana saurayi yake tsaye tsakanin mai akuya da mai saye, kuma abu ɗaya ya sani: lambar farko da aka faɗa ba a karɓarta.

Hamdiya ta rubuta bisa ardwaz, ɗan allonta na lakwal, ta ɗaga. "Bakwai sau takwas, hamsin da shida."

"Albarka," in ji Rabo, ya kau da kai kamar an taya masa bunsuru da arha. "Ƙara."

"Kawu, ba a ƙarawa. Hamsin da shida ne."

"Kowa haka yake cewa. Ƙara dai ko biyu."

Ta ƙara biyu don a zauna lafiya. Ya ce albarka. Ta rage, ya ce albarka. Ranta ya ɓaci, ta shiga madafa ta damƙo wake, ta jera bisa tabarma layi bakwai, kowane layi ƙwaya takwas, ta sa shi ƙirga da bakinsa. Ya ƙirga kamar awaki na shiga garke.

"Na sallama," ya ce.

Daga ranar, kowace amsa sai da ciniki. Hamdiya ta daina ɗaga ardwaz sai ta shirya hujjarta. Waken darasi kuwa a wanke shi a zuba tukunya, in kaza ba ta riga ba.

Mataki na 6: Ka ci kamar ba ka so

In an kawo kwano ka ce, "Ai da kin bar shi, Yaya." Amma ka faɗa bayan ka wanke hannu. Kada ka leƙa kwanon ɗalibarka. Rabo ya leƙa, ya ga nasa ya kusa nata, ya tuna da sunan wa aka auno shinkafar. Tun daga nan yake tura mata rabin nasa wai ladan amsa mai kyau. Wannan kuskure ne, kada ka kwaikwaye shi.

Mataki na 7: In mushe na gaskiya ya zo, ka tsaya

Ƙarar moto ta tsaya ƙofar gida da hantsi. Rabo ya dubi katanga, ta yi masa tsawo. Mushe Halidu ya yi sallama, ya zauna, ya ba Hamdiya lissafi. Ta amsa.

"Kin tabbata?" ya tambaya, don ya gwada ta. A sauran gidaje, da ya faɗi haka yara ke goge amsarsu.

"Mushe, ko za ka kwana kana cewa albarka, haka yake." Ta tashi ɗebo wake.

Mushe Halidu ya yi dariya har ya cire hula. "Wa ke koya miki?"

"Kawu."

Ya miƙa wa Rabo lakire, allin rubutu. "To, abokin aiki, rubuta mata na gobe."

Rabo ya kai hannu baya. Ya dubi Fadimata, tana bakin madafa riƙe da muciya. Ya cire tabarau a hankali.

"Mushe, ni ko sunana aka rubuta, sai dai in gaishe shi in wuce."

"Ka ji labarin da na sani tun kana tsumma," in ji Fadimata.

"To shi ke nan, Yaya. Bari in naɗe tabarma."

"Ka naɗe ka kai ina? An ce yarinya ta ci baya ne? Dokata dai tana nan: tukunya ta masu karatu ce." Ta nuna ardwaz da muciya. "Zauna."

Washegari Hamdiya ta sa tabarau mai ido ɗaya. Rabo ya yi gumi ya zana harafin farko na sunansa, ya ɗaga mata.

Ta kau da kai. "Albarka, Kawu. Ƙara."

Gargaɗi

Mai ba da labarin nan tsohuwa ce, abin da ta ji ta faɗa. Wanda ya bi matakan nan ya wayi gari zaune gaban ƴar ƙaramar yarinya da lakire a hannu, kada ya zo ƙofarta, ba ta aike shi ba.

Ruwa ya janye, aka ɗaure sababbin zana, aka buɗe lakwal. Hamdiya ta wuce aji na gaba. Mushe Halidu ya sa kowane ɗalibi ya zo da damƙin wake ranar kalkil. Fadimata ta kai gidanta kaka ba wanda ya kwana da yunwa. Rabo ya koma Mai Yara ya gina ɗakinsa, ya rubuta sunansa da gawayi bisa ƙyauren.