Hular Kaka a Cikin Kwale-kwale

Masu cewa ƙungiyar matan ƙauyenmu shayi da gulma kawai ta iya, wa ke share kaburburan tsofaffin sojoji? Wa ya rubuta sunayen duk waɗanda suka tafi yaƙi tsibiran Solomon? Bana ma cewa suka yi kowane gida ya kawo abin kakanni, a baje ranar 'yancin Fiji. Torika, 'yar ƙungiyar, ta miƙe gaban shugabarsu ta ce hular ƙarfen kakanta za ta kawo. Ana jibi biki, teburinta wayam. Hular tana wajen taubashinta Apakuki, ɗan kawunta, yana kwarfe ruwan kwale-kwale da ita.

A bakin teku ta ritsa shi.

"Sannu da aiki, mai kama kifin da ko mage ba ta ci."

"A'a, uwar tarihi! Yau wace gawa kuka tono?"

"Kai muka zo tonowa. Ba ni hular Kaka."

"Kakan wa? Ni ɗan ɗansa ne. Ke uwarki aure ya kwashe ta, ko cokalinsa ba ki gada ba."

"Ka gaji hular, ka rasa kan da za ka sa ta. Mutum ya tare harsashi da ita, kai kana ɗibar kashin ƙaguwa!"

"Wane harsashi? Wannan loɓawar, kwakwa ce ta faɗo masa yana barci. Girki ya yi wa sojoji, kowa ya sani."

"Ya ciyar da mutum ɗari biyu a daji. Kai matarka ɗaya, rogo take ci gaya."

"Sau uku hular nan tana hana ni nutsewa. A hannuna ta fi yin aikin soja."

Torika ta buɗe jaka ta zaro rigarsa ta ƙwallon zari-ruga, wadda ko ɗansa bai isa ya taɓa ba.

"Na biya ta gidanka. Taubashi ya ɗauka, ba a ƙara, ba a fushi. Gobe da ita za mu goge kaburbura."

"Torika! Wannan rigar da ita muka ci kofi!"

"Kana benci. Shi ya sa har yau fes take."

Apakuki ya yi dariya har ya zauna cikin ruwa. Ya ɗauraye hular, ya dubi sunan tsohon da aka karta a ciki. Sannan ya cika ta da kifi ya miƙa.

"A rubuta a takarda ni na adana ta."

"Za a rubuta: an ceto ta daga hannun maƙiya."

Ta jefa masa rigar, ta riƙe kifin.

To ku fa? Wane abin kakanni kuke tare ƙofa da shi a gidajenku? Ku faɗa da bakinku, kafin Torika ta biyo.