Ranar da Na Miƙe wa Gawa Ƙafa

Ba zan taɓa mantawa da gudun da na yi a gidan makoki a unguwarmu cikin Daura ba, ni da na cika gari da cewa likita zan zama.

Shekarar nan makina na jarrabawar shiga jami'a bai kai na likitanci ba, kaɗan ya rage. Aka ce in zaɓi wani kwas, in na gama da sakamako mai kyau sai in sake neman likitancin. Ni kuwa da na ji labarin Anatomi, inda ake koyon jikin mutum a kan gawa, sai murna ta hana ni zama. Kowa na tara sai na ba shi labari, har mai kawo mana ruwa.

Baba ya ce atafau sai dai Kemistiri. "Mamana," in ji shi (sunan mahaifiyarsa gare ni), "ke da ko kaza aka yanka sai kin shige ɗaki?" Na yi rantsuwa, na yi magiya, ga lokacin canjin kwas yana ƙurewa. Daga ƙarshe ya ce in dai Gwaggo ta shaide ni, ya amince. Gwaggo yayarsa ce, ita ke wankan gawar mata a unguwarmu, kuma ba ta iya yi wa kowa kara ba.

Ba a daɗe ba wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta cika da safe. Allah ya gafarta mini, da Gwaggo ta aiko in zo in riƙe mata buta, har da ɗan tsallena. Na zura hijabi na isa gidan, mata cike da tsakar gida.

"Shiga ɗaki ki jira ni, 'yar nan," in ji Gwaggo, "bari in haɗa ruwan magarya."

Ɗakuna biyu ne a jere. Tambaya fa? Ina! Likita guda? Na faɗa na farko. Ga mutum kwance a tabarma, an lulluɓe da farin mayafi tun daga kai, tafin ƙafa kawai a waje. Na dake na zauna, na yi mata addu'a. Can sai na ji ashe ban ji tsoro ba! Daɗi ya kama ni, har ina hango kaina cikin farar riga.

Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Amma zaƙewa ta ce in taɓa. Na kama babban yatsan, na ji shi da ɗumi. (Ku ji ilimi: na ce a raina, ai ba ta daɗe da cikawa ba.) Na ga gwiwa ɗaya a ɗan lanƙwashe, na tuna Gwaggo ta ce akan miƙe gaɓoɓi kafin su sandare. Na ce bari in rage mata aiki. Na kama ƙafar da hannu biyu na ja.

"Ke! Uban wa ya aiko ki?"

Jama'a, ban san ta inda na fita ba. Labulen ƙofar ma a wuyana na fito da shi, ina ihu, "Ta tashi! Wallahi ta tashi, har ta zage ni!" Tsakar gida ta watse. Wata mai ciwon gwiwa da ake cewa sai an ɗaga ta, ita ta riga kowa kaiwa zaure. Ni ban tsaya ba sai a tsakiyar maza masu jiran sallar jana'iza, babu takalmi, kuma Baba na sahun gaba.

Ashe ƙanwar mamaciyar ce, ta taho daga Baure da jin rasuwar, kuka ya sa mata jiri aka kwantar da ita. Gawar tana ɗaki na biyu. Sai ga baiwar Allah ta fito tana ɗingishi tana tambayar 'yar gidan wa ce ta so ɓalle mata ƙafa. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da yamma Gwaggo ta zo gida. Ina ɗaki na haɗa kai da gwiwa, na riga na yi bankwana da Anatomi, hawaye kawai nake. Na ji Baba yana cewa, "To Yaya, ai ba sai na tambaya ba."

"A'a, tambaya dai," in ji Gwaggo. "Yarinyar nan ta zauna ita kaɗai da abin da ta ɗauka gawa ce, har ta kama ƙafa. Ni na yi shekara ina riƙe buta kafin in iya haka. Bar ta ta je ta karanci matattunta. Masu rai ne dai ban ba ka tabbas ba, don da mara lafiya ya yi magana, likitarka ta kai zaure."

Baba ya yi dariya har da tari, ya amince. Na yi Anatomi, yanzu kuma ina ajin likitanci, amma a unguwarmu har gobe Likitar Matattu ake ce mini. Abin da na koya kuwa, duk wanda na samu a kwance, ko a ɗakin gawa ne, sai na yi sallama na ɗan saurara kafin in kai hannu.