Ranar da Kwamfutar Jafaru Ta Duba Akuya

Wani mutum ne a garinmu ana ce masa Jafaru Jamus. Bai taɓa zuwa Jamus ba. Kwatano ya taɓa rakiyar wani dillalin motoci, ya dawo da baƙin tabarau da wata na'ura mai kamar allon 'yan boko, wadda yake kira kwamfuta. Tun daga ranar ya daina gaisawa da kanikawa. Wai su ƙarfe suke duka, shi kuwa hira yake yi da mota.

Ana nan sai Malam Hashimu, manomin tumatir, ya sayo wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gas. Tsohuwa ce ta gaske, gindinta duk tsatsa, har akwai ramin da direba ke hango titi ta tsakanin ƙafafunsa. Amma inji lafiya lau, in ta yi gurnani sai ka ce zaki. Jafaru ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta.

Ran nan da hantsi, an gama lodin kwandunan tumatir za a kai kasuwar Kwanar Gafan, sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a dashbod. Ɓal, ɓal, ɓal. Hankalin Malam Hashimu ya tashi, ya faka a gindin darbejiyar ƙofar gidan Goggo Tabawa, ƙanwar mahaifinsa, ya aika a kira masani, wato Jafaru.

Masanin ya iso yana taku ɗai-ɗai. Tun a hanya ya gama shirinsa: zai yanke wa motar hukuncin kisa, Hashimu ya tsorata ya sakar masa ita a matsayin gwangwan.

"Ku matsa, ku matsa! Numfashinku yana rikita wa kwamfuta lissafi."

'Yan kallo suka ja baya. Jafaru ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari yana laluben inda ake soka wayar. Ya laluba dama, ya laluba hagu. Babu. Gumi ya fara tsattsafo masa. To, mutumin da ke hira da mota ba zai fito ya ce bai ga bakinta ba. Sai ya tura kan wayar can ƙarƙashin tabarmar ƙafa, ya miƙe yana karkaɗe hannu. Ya san na'urar tana riƙe da lambobin wata ƙaramar motar fetur da aka duba da ita tun a Kwatano. Lamba kuwa lamba ce, wa zai tantance?

Tit! Tit! Allo ya kawo haske.

"Innalillahi," in ji Jafaru, ya cire tabarau don abin ya ƙara nauyi. "Malam, wa ya sayar maka da gawa?"

"Gawa kuma, Injiniya?"

"Ga shi nan. Fi, sifili, uku, sifili, biyu. Fulogi ya mutu murus."

Wani dattijo, Baba Ɗanjuma mai faci, ya leƙo. "Ni fa na ɗauka motar gas ba ta da fulogi."

"Na ɓoye ne da ita. Bature ba ya nuna wa kowa. Baba, ka tsaya a iskar taya, nan ilmi ake yi."

Baba Ɗanjuma ya koma ya tsaya a iskar taya.

Jafaru ya ci gaba da latsawa, murya na ƙara sama. "Ga wata kuma. Ba ta shaƙar iska yadda ya kamata. Ga wata, cikinta ya cushe, ba ta narkar da abin da ta sha. Ta baya kuma tana fitar da abin da bai dace ba. Wallahi ko kasuwa ba za ta kai ba, za ta durƙushe a hanya ta yi shiru har abada."

Malam Hashimu ya dubi tumatir ɗinsa, rana ta fara lasar su. Ya juyo wurin Jafaru.

"Yanzu meye abin yi?"

"Don dai kai ne, ka bar min ita. Zan rufa maka asiri in karɓe ta a matsayin ƙarfe. Kawo makullin."

Hashimu ya sa hannu a aljihu. Makulli ya yi ƙara, kacau. Jafaru ya buɗe tafin hannu.

Sai na'urar ta yi wani fizge, fit! Ya riƙe. Ta sake fizgewa. Jafaru ya tattaro sauran ilminsa ya ce, "Kun gani? Injin ne ke shure-shuren mutuwa."

"Injin da ke kashe?" in ji Baba Ɗanjuma daga wajen tayoyi.

Daga ƙarƙashin motar aka ji amsa: "Meeee!"

Kowa ya sunkuya. Ashe kan wayar ya zurare ta ramin tsatsar nan ya sauka ƙasa. Ga jar akuyar Goggo Tabawa kwance a inuwa, ta cusa shi a baki tana tauna cikin natsuwa, ƙurus, ƙurus. A iya binciken da aka yi, ita kaɗai ce abin da kwamfutar ta taɓa a ranar.

Malam Hashimu ya dubi wayar, ya bi ta da ido tun daga bakin akuya har hannun Jafaru. Sannan ya mayar da makullinsa aljihu, ya danna shi can ƙasa.

Goggo Tabawa, wadda tun ɗazu take cikin zaure tana jin komai, ta fito tana tafa hannu.

"Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan! Wallahi duk abin da ka faɗa haka yake. Ba ta cin dusa, cikinta a kumbure, ta bayan ma kada ka tambaya. Ni dai ban san tana da fulogi ba."

Dariya ta ɓarke, har wani mai shayi da ke gefe ya ƙware. Jafaru ya ja wayarsa, akuya ta ja. Ya ja da ƙarfi, tas! Ya tashi da rabi.

Ya juya zai sulale, Goggo ta riƙo masa hannun riga.

"Ina kuma za ka, Injiniya? Ka gano ciwo ka tafi ba magani? Ga ta nan, ɗaga mata wutsiya ka canza mata fulogin."