Safayar Delbert

"Dajin da zai kama ni ban shirya ba, ba a halicce shi ba tukuna!"

Delbert Yoakum ke nan, sarkin shiri na jihar Utah ta Amurka, yana bugun ƙirji a bakin gareji. Ka ga motar tasa kuwa? Tanti a kai, firiji a ciki, wurin wanka a gefe, har da injin dafa kofi. Shekara uku tana cikin gareji ana yi mata ado, motar matarsa Lorna kuwa tana waje rana tana gasa ta. To Lorna ta gaji. Ta ce wannan fitar ce gwaji: in suka je suka dawo ba wanda ya jawo su, shi ke nan, in ba haka ba, a sayar da motar. Gogan naka ya ce ya yarda, har da rantsuwa.

Ba su yi awa biyu da barin kwalta ba suka faɗa wani busasshen rafi, mota ta kafe a yashi tsabar nauyi. Lorna ta ce a rage iskar tayoyi, a sauke firiji. Delbert ya yi mata kallon tausayi, ya ce wannan dabarar marasa kayan aiki ce. Shi yana da injin ja a gaban mota, mai igiyar ƙarfe, sai dai a ɗaura a jikin bishiya. Ya duba gabas, ya duba yamma. Ko kara babu.

Bai karaya ba, bawan Allah. Ya ce ai ƙwararru safayar taya suke binnewa su ɗaura igiyar a jikinta. Ya kwance tayar, ya haƙa rami har ƙugunsa, gumi kamar an watsa masa ruwa, ya binne, ya tattake, ya yar da shebur gefe. Lorna tana zaune a inuwa da lemonta mai sanyi.

Kuma wallahi dabarar ta ci! Mota ta fito tana gurnani, Delbert ya leƙo ta taga yana ɗaga wa Lorna hannu. Murna ta sa ya ƙara taka wuta. Sai ji kake fuuus! Tayar gaba ta hau bakin shebur ta fashe. Mota ta tsaya cak, ba ko'ina ba sai daidai kan kabarin safaya.

Ya sauko, ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe a durƙushe. Ni kam har tausayi ya ba ni.

Lorna ta kira mai jan mota, sannan ta ja da baya tana saita waya.

"Matsa gefe, Delbert, kana shiga hoton talla."

"Haba Lorna, wa zai sayi mota ba safaya?"

"Akwai mana. Zan rubuta: sabuwa fil, mai saye ya zo da shebur."