Man Kaɗen Nna Zuliha

Wani ne yake buga bulo a Gidan Kwano. Siminti ya cinye masa jiki, hannu duk kaushi, ƙafa duk faso, in ya taka tabarma sai ta biyo shi. Ga shi kuma ya mato a kan wata 'yar gayu a Tudun Fulani, Khairat.

Ran nan ya miƙa mata kyautar gyale. Kafin ta karɓa zare ya maƙale a tafinsa, gyale ya warware.

Ta ce, "Malam, ni fa ba zan auri soson ƙarfe ba. Sati biyu na ba ka. In jikin nan bai yi laushi ba, akwai wani malamin jami'a yana layi."

Gogan naka hankali ya tashi. Sai kasuwar Bosso, wajen Nna Zuliha, wata tsohuwa 'yar Bida mai sai da man kaɗe. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da inda murya ke hawa ko sauka.

Ta ce, "Wannan na Bida ne, ba gauraye. Yana kashe kaushi, yana rufe faso. Ka shafa safe da yamma."

"In sha fa, Nna?"

"Eh mana, ka shafa!"

"Ba ya illa?"

"Haba! Jariri ma ana yi mishi."

Bawan Allah ya sayi roba guda, ya je gida, ya narka mai, ya cika kofi, ya toshe hanci, ya ɗaga kai. Kwana uku ko bulo ɗaya bai buga ba, buta ce dai ta sha aiki. Ya rarrafo kasuwa.

"Nna, maganin nan akwai ƙarfi, amma kaushi na nan."

"Rowa ne da kai! Ka shafa da yawa, sai ya shiga jiki."

Ya ajiye kofi, ya koma kwanon sha.

Ranar cikar wa'adi ya hau acaɓa zuwa Tudun Fulani, sau huɗu ana tsayawa a bakin jeji. Khairat ta fito. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Don Allah, ta ina bayan gidanku yake?" Ta dubi hannu, kaushi na nan daram, mai hannun ne kawai ya rame. Ta yi tsaki ta shige gida.

Washegari ya dira gaban Nna, ido ya faɗa.

"Kin kashe ni! Roba uku na shanye!"

Nna ta dafe ƙirji. "Shanye? Soko! Wayyo Allah!" Ta fizgo hannunsa, ta lakato mai, ta murza masa. "Haka na ce! Shafa! To duk wannan mai, ba ka ga laushi ko kaɗan ba?"

Ya ce, "Na gani mana, Nna. Hanjina yanzu ya fi na jariri santsi. Sai dai Khairat ba ta can za ta duba ba!"