Ranar da Na Je Ceton Wata Tsohuwa a Teku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara shiga teku ba. Mun gama aikin Hajji ke nan, ina jiran jirgin komawa gida, na sauka a unguwar Ammariyya wajen Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe yana aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Lokacin ina sabon malamin firamare, ga ƙuruciya, ga son a sani.

Wata Juma'a bayan la'asar ya ce yalla, mu je bakin teku a Ubhur in ga ruwa kafin in tafi. A mota na cika masa kunne da labarin iya iyona (alhali rafin garinmu ko da damina bai wuce gwiwa ba).

Muna isa na saki baki. Ruwa har inda ido ya ƙare, igiya tana tasowa ta daki yashi ta koma. Iyalai sun baza tabarmi suna shan shayi. Kawu ya tafi sayo mana kifi, ya bar ni ina kallo.

Can sai na hango wata tsohuwa a cikin ruwa, kanta kawai ake gani da baƙin mayafi, igiya tana jijjiga ta. Ban tambayi kowa ba. Na yi wurgi da takalmi, na yi kabbara yadda kowa zai ji, na faɗa da jallabiyata. Ban yi nisa ba igiya ta kwashe min ƙafa. Na sha, na ƙara sha, na soma kalmar shahada.

Sai na ji an damƙi wuyan rigata an ɗago ni. Tsohuwar ce, a tsaye, ruwa bai ma kai ƙugunta ba. Ashe a zaune take, tana jiƙa gwiwoyinta saboda ciwon sanyi.

"Halas, ya isa, ɗan nan, miƙe," ta ce da Hausa raɗau. "Ƙasa tana nan ba ta gudu ba."

Haka ta riƙo hannuna har gaɓa, ina tari ina kakari, mutane suna ta ƙyaƙyata dariya. Kawu kuwa har da hawaye, ga kifi a hannu.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da ni a tabarmarta, ta zuba min shayi mai zafi, ta tambayi me ya kai ni. Na faɗa mata kaina a ƙasa. Sai ta ce tun da maigidanta ya rasu ba wanda ya taɓa rugowa dominta haka. Ta dafa kaina ta yi ta sa min albarka, ta ce in gaida mahaifiyata.

Albarkar ta bi ni, ba na shakka. Amma tun daga ranar, duk wanda zan taimaka sai na fara dubawa: nutsewa yake yi, ko zamansa kawai yake?